TARIHIN GOLDSHIMIT, MALAMIN DA YA GANO DOKOKIN DUWATSU

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin kimiyya ya ji sunan Niyutan, ya kuma ji na Daltan. Amma da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunan malamin da zan ba da tarihinsa a nan. Ga shi kuwa masu neman ma'adinai da masu binciken ƙasar noma a ko'ina cikin duniya da dokokin da ya gano suke aiki. Sunansa Victor Moritz Goldschmidt, amma saboda nauyin sunan a harshenmu za mu riƙa ce masa Goldshimit.

Kafin zamaninsa, yawancin aikin masanan duwatsu shi ne su tsinto dutse, su duba launinsa da taurinsa, su raɗa masa suna, su ajiye. Akwai waɗanda suka auna sinadaran da ke cikin duwatsu, kamar wani Ba'amurke mai suna Kilak, suka rubuta yawan kowanne. Shi kuwa Goldshimit dalili ya nema. Me ya sa wannan ma'adini yake zama da wancan, amma ba a taɓa ganinsa tare da na uku? Me ya sa zinariya ta yi ƙaranci, alminiyam kuwa ya cika ko'ina? Neman amsar waɗannan tambayoyi shi ya cinye rayuwarsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ran 27 ga Janairu, 1888, a birnin Zurik na ƙasar Siwizalan. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa, Hainirik Goldshimit, malamin ilmin sinadarai ne, aiki kuma ya yi ta yawo da shi. Sun zauna a Amstadam ta ƙasar Holan, sun zauna a Haidalbag ta Jamus. Cikin 1901 aka ba uban kujerar furofesa a Jami'ar Kiristiyaniya, babban birnin Norwe, wanda aka sake wa suna Oslo cikin 1925. A lokacin yaron yana da shekara 13.

Ya shiga jami'ar cikin 1905, ya karanta ilmin duwatsu da ma'adinai a hannun wani shehun malami mai suna Burogga, wanda ya san duwatsun yankin Oslo ciki da bai. To, sai ya zamana a makaranta yana koyon duwatsu, a gida kuma yana tare da uba masanin sinadarai. Haɗuwar ilmin nan biyu a kai ɗaya ita ce ta bambanta shi da tsararrakinsa.

Duwatsun da wuta ta gasa

Shekaru fiye da miliyan 250 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga can ƙarƙashin yankin Oslo, ya kutsa cikin tsofaffin shimfiɗun yumɓu da na farar ƙasa, ya huce a can ciki. Zafinsa ya gasa duwatsun da ke maƙwabtaka da shi. Kowa ya san yadda yumɓu yake sakewa idan maginiya ta gasa tukunya: abin da ruwa ke narkarwa jiya, yau ya zama mai tauri, ana ƙwanƙwasa shi yana ƙara. Haka ya faru ga waɗannan duwatsu, sai dai su sun ɗauki dubban shekaru suna gasuwa, har sababbin ma'adinai suka tsiro a cikinsu. Irin wannan gasasshen dutse shi ake kira honfels.

Goldshimit ya yi shekaru yana hawa tuddai yana fasa duwatsun nan da guduma. Idan ya dawo sai a yanka su siriri har haske ya iya ratsa su, ya duba da madubin ƙara girma. A nan ya lura da wani abu. Ko da yake duwatsun suna da kama iri iri, ma'adinan da ke cikinsu ba su haɗuwa barkatai. Inda yumɓu ya yi yawa, ga ma'adinan da za a samu. Inda farar ƙasa ta ƙaru, sai wasu su ɓace, wasu su maye gurbinsu, kullum bisa tsari ɗaya. Ya kasa duwatsun gida 10, daga mai ƙarancin farar ƙasa zuwa mai yawanta, kowane gida da ma'adinansa.

Don ya bayyana wannan tsari sai ya ɗauko wani fannin kimiyya da ake kira tamodainamik, watau ilmin yadda zafi da matsi suke juya abubuwa daga wani hali zuwa wani. Wani Ba'amurke mai suna Gibs, na Jami'ar Yel, ya riga ya fitar da wata doka tsakanin 1875 da 1878, wadda ke faɗin yawan halayen da abu zai iya zama a cikinsu a lokaci ɗaya. Mu ɗauki ruwa misali. Yana iya zama ƙanƙara, ko ruwan da muke sha, ko tururi. A yawancin ma'aunin zafi hali ɗaya kaɗai yake tabbata. Ƙanƙara da ruwa ba su daɗewa tare sai zafi ya tsaya daidai a digiri 0. Da ya ɗan hau sai ƙanƙarar ta narke, da ya ɗan sauka sai ruwan ya daskare.

Goldshimit ya nuna cewa dutse ma yana bin wannan doka. Tun da zafi da matsi a cikin ƙasa suna bambanta daga wuri zuwa wuri, yawan ma'adinan da za su zauna lafiya da juna a dutse ɗaya ba zai wuce yawan sinadaran da aka gina dutsen da su ba. Idan mahaɗin guda 3 ne, kada a sa ran ma'adinai fiye da 3. Idan aka ga sun fi haka, to, alama ce dutsen bai gama gasuwa ba, ko kuwa wani abu ya same shi daga baya. Wannan bayani yana cikin littafin da ya rubuta na digirin dakta cikin 1911, yana da shekara 23.

Shekara ɗaya bayan haka ya ƙara wani mataki. Idan aka gasa kalsait, watau ma'adinin da ke cikin dutsen farar ƙasa, tare da kwaz, wanda shi ne yawancin rairayi, sai su haɗu su zama wani farin ma'adini mai suna wolastonait, iskar kabon-dayoksaid ta fice. Goldshimit ya yi lissafin zafin da ake bukata kafin wannan ya faru, ya nuna cewa gwargwadon yawan matsi, gwargwadon yawan zafin da ake bukata, domin matsi yana hana iskar fita. Saboda haka idan mutum ya tsinci dutse ya ga kalsait da kwaz kwance tare, ya san zafin bai kai ba. Idan ya ga wolastonait, ya san ya wuce. Watau dutse ya zama ma'aunin zafi da kansa, yana ba da labarin abin da ya faru tun babu ɗan Adam a duniya. Wani masani ɗan ƙasar Finlan mai suna Eskola, wanda ya zo Oslo ya yi aiki tare da shi, ya faɗaɗa wannan hanya har ta game duwatsun duniya da zafi da matsi suka sake.

Cikin 1914 aka yi masa tayin kujerar furofesa a Istokholm ta Suwidin. Da mutanen Norwe suka ga za su rasa shi, sai suka ba shi irin wannan kujera a gida, suka ɗora shi a kan cibiyar binciken ma'adinai. Shekarunsa 26 ke nan.

Yaƙi da neman abin masarufi

A wannan shekara Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Norwe ba ta shiga ba, amma hanyoyin teku sun toshe, kayan da masana'antunta ke sayowa daga waje suka yanke. Cikin 1917 gwamnati ta ɗora Goldshimit a kan hukumar da za ta binciki abin da ƙasar ke da shi a cikin duwatsunta, aka ba shi ɗakin gwaji da ma'aikata. Daga cikin abin da ya biyo bayan wannan aiki akwai amfani da wani koren ma'adini mai suna olibin wajen yin tubalin da ke jure wutar masana'anta. Norwe tana da tuddai na olibin, ta kuma zama cikin manyan masu sayar da shi a duniya.

Wannan aiki ya sake ta da tsohuwar tambayarsa. Wanda zai nemi ma'adini, gara ya san inda ya kamata ya same shi da ya yi ta haƙa a kan sa'a. To, wace doka ce take raba sinadarai a cikin ƙasa?

Girman ƙwayar zarra

Amsar ta zo ta wata sabuwar hanya. Cikin 1912 wani Bajamushe mai suna Lawe ya gano cewa idan aka haska ma'adini da hasken eksire, irin wanda likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, hasken yana watsuwa bisa tsari. Daga nan wasu Ingilishi biyu, uba da ɗa, masu suna Birag, suka nuna yadda za a yi amfani da wannan a san jerin ƙwayoyin zarra a cikin ma'adini. Ashe ƙwayoyin a jere suke sahu sahu, kamar lemo a tire.

Goldshimit da samarin da ke aiki a ƙarƙashinsa, irin su Bart da Zakariyasen, suka duƙufa. Suka harhaɗa sinadarai wajen 200 da hannunsu, suka haska su ɗaya bayan ɗaya, suka auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin. Cikin 1926 ya fitar da jadawali mai nuna girman ƙwayar zarra ta yawancin sinadarai idan tana ɗauke da cajin lantarki. Aiki ne na haƙuri, babu wani abin burgewa a cikinsa yau da gobe, amma shi ne mabuɗin.

Ga abin da jadawalin ya bayyana. Ma'adini kamar gini ne, kowace ƙwaya da gurbinta. Mai gini yana iya sa wani tubali a madadin wani in dai girmansu ya yi kusa, ko da launinsu ya bambanta. Haka ma'adini yake karɓar baƙuwar ƙwaya idan bambancin girmanta da na mai gurbin bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, cajinsu kuma ya dace. Ƙwayar ƙarfe da ta magniziyam da ta nikel kusan girmansu ɗaya, cajinsu ɗaya, shi ya sa suke musanya gurbi a cikin olibin. Wani sinadari mai suna galiyam yana kama da alminiyam ƙwarai, don haka yake ɓuya a cikin ma'adinansa, da wuya ya gina nasa na kansa. Ƙwayoyin da suka cika girma ko suka cika caji kuwa, babu gurbin da zai karɓe su da wuri. Sai su yi ta zama a cikin ragowar narkakken dutse har ƙarshe, su taru a wuri ɗaya. A irin wannan wuri ne mai haƙar ma'adinai yake samun rabonsa.

Muna da misali a kusa da mu. A tuddan Jos, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ana samun wani baƙin ma'adini mai nauyi tare da ita, wanda ake kira kwalambait. A cikinsa akwai sinadarai biyu, niyobiyam da tantalam. Ƙwayar tantalam ta kusa ninka ta niyobiyam a nauyi, amma girmansu da cajinsu ɗaya ne, don haka ma'adinin bai iya bambanta su, kullum tare ake samunsu. Goldshimit ne ya bayyana dalilin wannan daidaituwar girma cikin 1925.

Har ila yau ya nuna cewa ƙwayar oksijin tana da girma ƙwarai idan aka gwada ta da ta silikon ko ta alminiyam. Oksijin shi ne kusan rabin nauyin ɓawon duniya, amma wajen cin wuri ya haura kashi 90 cikin 100. Watau dutsen da muke zama a kai tarin ƙwayoyin oksijin ne, sauran sinadarai suna maƙale a 'yan ramukan da ke tsakaninsu.

Rabon sinadarai a duniya

Wanda ya taɓa jin yadda maƙeran dā suke narka tama ya san cewa ƙarfe yana taruwa a gefe guda, kashin tama kuma ya ware. A masana'antar narka jan ƙarfe ta Turai abin yakan kasu uku: ƙarfe a ƙasa, mahaɗin farar wuta a tsakiya, kashi a sama. Goldshimit ya gwada wannan da duwatsun da ke faɗowa daga sararin sama, ya ga su ma suna da waɗannan kashi uku. Sai ya fahimci cewa duniya kanta, lokacin da take narke, haka ta rabu.

Cikin 1923 ya kasa sinadarai gida 4. Akwai masu son ƙarfe, kamar nikel da zinariya da filatinam, waɗanda yawancinsu suka bi ƙarfe suka nutse zuwa tsakiyar duniya. Akwai masu son farar wuta, kamar jan ƙarfe da dalma da tutiya da azurfa. Akwai masu son dutse, kamar silikon da alminiyam da kalsiyam, waɗanda suka haɗu da oksijin suka zauna a sama. Sa'an nan akwai masu son iska, kamar naitirojin. Abin lura shi ne nauyi bai yanke hukunci a nan. Yuraniyam da zinariya kusan nauyinsu ɗaya, amma zinariya ta nutse, yuraniyam ya taru a ɓawon duniya saboda son da yake wa oksijin. Wannan shi ne dalilin ƙarancin zinariya a inda hannunmu yake kaiwa.

Duk waɗannan bincike ya buga su kashi kashi, guda 9, tsakanin 1923 da 1938. A kashi na ƙarshe ya kawo lissafin yawan kowane sinadari a duniya da rana da taurari, lissafin da masu binciken cikin ƙwayar zarra suka amfana da shi daga baya.

Hijira sau biyu

Cikin 1929 ya karɓi kujerar furofesa a Jami'ar Gotingin ta Jamus, wadda a lokacin babu kamarta a fannin lissafi da kimiyya. A can ya shiga auna sinadaran da ke da ƙaranci ƙwarai, har ya gano cewa tokar wasu irin kwal tana tara wani sinadari mai suna jamaniyam. Amma cikin 1933 Hitila ya hau mulki, aka fara korar malamai Yahudawa daga jami'o'i. Manyan masana irin su Born suka bar Gotingin. Goldshimit ya daure shekara biyu yana aikinsa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya ajiye aiki cikin 1935, ya ɗauki tsohon mahaifinsa suka koma Oslo, ya bar ɗakin gwajin da ya gina. Uban ya rasu cikin 1937.

Abin da ya guje wa sai ya biyo shi. Cikin Afrilu 1940 sojojin Jamus suka mamaye Norwe. Tsananin fargaba ya kai har yana yawo da ƙwayar guba a aljihu, don kada a kai shi inda za a azabtar da shi. Cikin Oktoba 1942 aka kama shi tare da sauran Yahudawa maza, aka tsare shi a sansanin Berg. Abokan aikinsa suka sa baki aka sake shi, amma cikin Nuwamba aka sake kama shi. Ran 26 ga watan yana tsaye a bakin tashar jiragen ruwa ta Oslo, cikin mutanen da za a loda a wani jirgi mai suna Donau, sai aka cire shi daga layi, bisa hujjar cewa ƙasar tana bukatar bincikensa a kan takin zamani. Jirgin ya tashi da mutum fiye da 500, maza da mata da yara, aka kai su sansanin Aushwiz. Waɗanda suka dawo da rai 'yan ƙalilan ne.

Cikin Disamba 'yan gwagwarmayar Norwe suka tsallakar da shi a ɓoye zuwa Suwidin. Cikin 1943 aka kai shi Birtaniya. Ya yi aiki a cibiyar binciken ƙasar noma ta Makole a birnin Abadin na Sikotilan, daga baya ya koma ta Rotamsted a Ingila. Babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta zaɓe shi cikin 'yanta a 1943, a 1944 kuma aka ba shi lambar Wolastan, wadda ita ce mafi girma da masanan duwatsu na Landan suke bayarwa. Amma wahala ta riga ta cinye lafiyarsa, ciwon zuciya ya kama shi. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba, ya ci gaba da rubuta babban littafinsa a kan sinadaran ƙasa.

Ya koma Oslo cikin 1946. Ran 20 ga Maris, 1947, ya rasu yana da shekara 59, bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, littafin ma bai kammala shi ba. Wani abokinsa masanin ƙasar noma mai suna Miyuwa ya tattara takardun, aka buga cikin 1954.

Abin da ya bari

An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai samu ba. Amma tun 1972 ƙungiyar masana sinadaran ƙasa take ba da babbar lambarta da sunansa, babban taronsu na duniya kuma, wanda aka fara cikin 1988, shi ma sunansa yake ɗauke da shi. An gyara wasu daga cikin dokokinsa, domin an gano cewa irin ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyi shi ma yana da tasiri, ban da girma da caji. Ma'aunan yau sun fi nasa kaifi nesa ba kusa ba. Amma tushen yana nan. Wani lissafi da ya fitar cikin 1926, mai nuna ƙwayoyin da za su dace da ginin ma'adinin ferobskait, har yanzu masu neman sababbin faifan kama hasken rana suna aiki da shi.

'Yan'uwana ɗalibai, akwai abu biyu da ya kamata mu ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, da yawa daga cikinmu muna raba darussa, wannan ya ce shi na labarin ƙasa ne, wancan ya ce shi na lissafi ne, kowa ya yi watsi da na ɗan'uwansa. Goldshimit da ya tsaya a kan guduma kaɗai, da bai wuce mai tara duwatsu ba. Da ya haɗa ta da lissafi da ilmin sinadarai ne dutse ya buɗe masa. Ƙasar da 'ya'yanta ba su san wannan ilmi ba, arzikinta yana ƙarƙashin ƙafarta amma sai baƙo ya zo ya nuna mata, ya kuma yanka mata farashi.

Na biyu kuwa ya shafe mu da iyayenmu baki ɗaya. Jamus ta kori mutumin nan saboda asalinsa kawai, ta kori ire-irensa da yawa, Jami'ar Gotingin kuma ta yi shekaru ba ta farfaɗo ba. Shi an cire shi daga layi saboda ilminsa. Sauran da aka loda a jirgin, da ƙananan yaran da ke cikinsu, babu wanda ya san abin da za su zama da an bar su sun rayu. Duk al'ummar da ta bar ƙiyayyar ƙabila ko ta addini ta shiga makarantunta, irin wannan asara ce take jiranta.